BAITOCI TARA A KAN MATSAYIN YABON MA'AIKI (S.A.W.), TARE DA SHARHINSU

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa almajirai maza da mata, dalilin wanga darasi wata magana ce da ta auku a gidanmu nan Damagaram cikin watan Mauludin bara. Al'adar gidanmu tun zamanin kakanmu, idan watan ya tsaya a kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan lisha, a yi ta karatun Ishiriniya har daren goma sha biyu. Wana ne ke ja, mu muna amsawa. To, bara sai ɗansa na fari ya komo daga neman ilmi, yaro mai ƙoƙari mai kunya, wanda ya haddace Alƙur'ani tun bai tsai da gemu ba. Daren farko bai fito ba, aka ce gajiyar hanya ce. Dare na biyu ma bai fito ba. Da asuba kuma aka duba sahun da ke bayan ubansa ba a gan shi ba, ashe wani masallaci ya wuce. Na kira shi zaure na tambaye shi. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, wallahi ba raini ba ne. Abin nan da kuke yi ne na rasa babin da zan sa shi a cikin ibada. In ibada ne, wa ya yi umurni da shi? In kuwa waƙa ce kawai, don me ake ƙirga lada a kanta?" Ya ƙara da cewa ya tambayi mutum huɗu daga cikin masu amshi ma'anar baitin da suka fi ɗaga murya a kansa, ba wanda ya iya gaya masa.

Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na kwana da ita sai na ga tambaya ce ta ɗalibi, kuma rabinta a kanmu ta faɗa. Saboda haka na tsara waɗannan baitoci tara a kan karin Mutaƙarab, na yi musu sharhi gwargwadon abin da na ji daga malamaina, Allah Ya jiƙan su. Abin da na dace daga Allah ne, abin da na kuskure daga ni ne.

BAITI NA 1

Da sunan Ta'ala nake buɗe waƙa,
Ga Manzon da Allah Ya fara yabawa.

Ka sani, ya ɗan'uwa, ba Annabi muke bauta wa ba, kuma duk wanda ya bauta masa ya fita daga addinin da shi Annabin ya zo da shi. Wannan magana ita ce ƙofar darasin, wanda bai shiga ta nan ba zai ɓata a ciki. Ibada ta Allah ce Shi kaɗai. Amma ibada ita ce ka aikata abin da Allah Yake so kuma Ya yarda da shi, don neman yardarSa. To, mu duba ko Allah Yana son a yabi wannan bawa naSa. A cikin Suratul Ƙalami, aya ta 4, Shi da kanSa Ya yabi halinsa da girma. A cikin Alam Nashraha Ya ba da labarin cewa Ya ɗaukaka ambatonsa. A cikin Suratul Ahzabi, aya ta 56, Ya sanar da mu cewa Shi da mala'ikunSa suna yi masa salati, sannan Ya umurci muminai da su yi. A cikin A'arafi, aya ta 157, Ya sa girmama shi da taimakonsa cikin siffofin masu babban rabo. Wanda ya yabi Manzo, ashe, sahun da Ubangijinsa Ya fara ne ya bi. Umurnin yana nan. Abin da ya rage shi ne, shin ya halatta a cika shi da magana mai kari da amsa-amo, ko kuwa sai da zube? Wannan yana zuwa a baiti na 3.

Tanbihi: Ibada iri biyu ce. Akwai wadda shari'a ta yanka mata lokaci da adadi da siffa, kamar salla da azumi, ba a ƙara mata ba a rage ta. Akwai kuma wadda aka buɗe ƙofarta aka bar wa bawa faɗinta, kamar sadaka da addu'a da neman ilmi da faɗin alherin Manzo. Yabo yana cikin ta biyu. Saboda haka kada wani ya ce Ishiriniya tana da hukuncin farilla, ko wanda bai zauna Burda ba ya yi zunubi. Ba mu ji haka daga shehunanmu ba.

BAITI NA 2

Abin da yake zuci shi ne a baki,
Masoyi ina zai ga ƙarshen tunawa?

Bukhari da Muslimu sun ruwaito cewa imanin mutum ba ya cika sai Manzo ya fi soyuwa gare shi bisa mahaifinsa da ɗansa da mutane baki ɗaya. Alƙali Iyal, wanda ya rasu a shekara ta 544 ta Hijira, ya ƙirga alamomin wannan so a cikin Ashafa, ya sa yawan ambatonsa a cikinsu. Wannan kuwa abu ne da kowa ya sani a kansa. Uwar da ɗanta ya tafi cin rani Libiya ko Kumasi, ko maganar farashin gero aka ɗauko sai ta kawo sunansa a ciki. Ba wanda ya umurce ta, so ne. Anas ɗan Maliku (R.A.) ya ba da labarin Balaraben ƙauye da ya tambayi Manzo yaushe ne Tashin Kiyama. Manzo ya tambaye shi abin da ya tanada mata, ya ce ba shi da yawan salla ko azumi, sai dai son Allah da ManzonSa. Aka yi masa bushara da cewa zai kasance tare da wanda yake so. Anas ya ce ba su taɓa murna da wani abu bayan Musulunci kamar yadda suka yi da wannan magana ba. Mu da ba mu gan shi ba, shekara dubu da ɗari huɗu da ɗoriya tsakaninmu da shi, da me za mu hura wannan wuta in ba da jin siffofinsa da halayensa ba? Waƙa kuwa ta fi zube saurin shiga zuciya da daɗewa a cikinta. Tsohuwar da ba ta san baƙi ba tana iya riƙe baiti hamsin, amma ka ba ta shafi ɗaya na zube ka komo gobe ka ji.

BAITI NA 3 DA NA 4

Hasanu ya hau mimbari can a Ɗaiba,
Ma'aiki yana ji, ina mai hanawa?

Da Ka'abu ya zo tuba, waƙa ya kawo,
Ya tashi da gafara har da daɗawa.

A nan ne amsar yaronmu take. Manzo (S.A.W.) yana da mawaƙa uku da aka fi sani daga mutanen Madina: Hassanu ɗan Sabitu, da Ka'abu ɗan Maliku, da Abdullahi ɗan Rawaha wanda ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa Manzo ya kan ajiye wa Hassanu mimbari a cikin masallaci, ya hau ya kare shi da waƙa. Bayan wafatin Manzo, wata rana Sayyidina Umaru ya wuce ya iske Hassanu yana rerawa a masallacin, ya dube shi duban rashin yarda. Hassanu ya gaya masa cewa ya rera a nan tun akwai wanda ya fi Umaru a ciki, ya kuma juya ga Abu Huraira ya nemi shaidarsa, ko ya ji Manzo yana roƙa masa ƙarfafawar Ruhul Ƙudusi. Abu Huraira ya shaida. Wannan yana cikin Bukhari da Muslimu. Abin da Manzo ya sa a yi a masallacinsa, ya saurara, ya yi wa mai yinsa addu'a, ba za a ce da shi wasa ba.

Shi kuwa Ka'abun da ke cikin baiti, ɗan Zuhairu ne, ba ɗan Maliku ba. Ya zagi Manzo da waƙa tun yana kafiri, har jininsa ya halatta. Bayan buɗe Makka ɗan'uwansa Bujairu ya rubuta masa cewa ya zo ya tuba, don Manzo ba ya kashe wanda ya zo da tuba. Ya shigo Madina a ɓoye, ya iske Manzo a masallaci bayan sallar asuba, ya sa hannunsa a cikin nasa, shi kuwa Manzo bai san fuskarsa ba. Ya tambaya, in Ka'abu ya zo yana mai tuba za a karɓa? Aka ce za a karɓa. Sai ya ce shi ne. Wani daga Ansaru ya zabura zai sare shi, Manzo ya hana. Nan ya tsaya ya rera waƙarsa da ake kira Banat Su'adu. "Daɗawar" da na faɗa a baiti ita ce mayafin da masu tarihi suka ce Manzo ya yafa masa. Amana ta sa in gaya muku cewa Ibnu Kasir ya ce labarin mayafin ya shahara amma bai gan shi da isnadin da ya gamsar da shi ba. Hujjarmu ba a kan mayafin take ba, a kan sauraron take.

Kada kuma mu ɓoye abin da ke hannun masu inkari, don wanda ya ɓoye hujjar abokin jayayyarsa bai amince da tasa ba. Ƙarshen Suratush Shu'ara'i ya zargi mawaƙa da cewa ɓatattu ke bin su, kuma suna faɗin abin da ba su aikatawa. Hadisi ingantacce ya ce cikin mutum ya cika da ruwan mugunya ya fi masa alheri da ya cika da waƙa. A cikin Muwaɗɗa kuma, Imamu Maliku ya kawo cewa Sayyidina Umaru ya keɓe wani fili a gefen masallaci, ana kiransa Buɗaiha, don mai son hayaniya ko rera waƙa ko ɗaga murya ya fita can. Duk wannan gaskiya ne. Amma ita surar ba ta rufe ba sai da ta togace waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka ambaci Allah da yawa. Hadisin kuma a kan "cika" ya yi magana, wato waƙa ta cinye wurin Alƙur'ani da ilmi a cikin mutum. Aikin Umaru kuwa ladabin masallaci ne, kuma ya kamata mu ɗauke shi: idan akwai mai salla ko mai tilawa, mai yabo ya sassauta ko ya koma haraba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya tattara hukuncin a ƙarshen Risala, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya biya: babu laifi a rera waƙa, kaɗan ɗinta ya fi kyau, kuma bai kamata ta zama ita ce aikin mutum dare da rana ba.

Fa'ida: Daga wancan mayafi ne sunan Burda ya samo asali. Imamu Busiri, mutumin Masar, almajirin Shehu Abul Abbasil Mursi, wanda ya rasu a ƙarshen ƙarni na 7 na Hijira, kabarinsa yana Iskandariyya, ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kama shi. Ya tsara ƙasidarsa mai wajen baiti 160, mai amsa-amon mimun, yana kamun ƙafa da ita wurin Allah. An ruwaito daga gare shi cewa ya ga Manzo a mafarki ya shafe shi ya yafa masa mayafi, ya farka da lafiya. Ba a gina hukunci a kan mafarki, mun sani. Hukunci ya riga ya ginu a kan mimbarin Hassanu.

BAITI NA 5

Yabo in da niyya ibada ka ƙulla,
Idan don kuɗi ne, kuɗin na wucewa.

Daga nan maganar ta bar masu inkari ta komo kanmu. Kyautar da aka ba mai yabo bayan ya gama, don farin cikin abin da aka ji, ba laifi ba ce ga mai bayarwa ko mai karɓa. Abin da nake tsoro shi ne abin da idona ya gani a wani taro: sha'iri yana tsakiyar siffanta hijirar Manzo, mutane suna hawaye, sai wani alhaji ya shigo da rakiya. Nan take ya yanke, ya koma kirarin alhajin da na ubansa da na motarsa, har aka manna masa jika goma, sannan ya komo kogon Sauru inda ya bar Manzo da Abubakar. Subhanallahi! Wa aka yaba a wannan dare? Ban ce ya kafirta ba, Allah Ya tsare ni. Na ce dai ya riga ya karɓi ladansa a goshi. Haka wanda ke ciniki kafin ya buɗe baki, da wanda ke fushi don an gabatar da wani sha'iri a kansa. Kowa ya tambayi zuciyarsa: da a ce ba kowa a wurin, ba lasifika, ba mai ɗauka da waya, zan rera wannan baiti?

BAITI NA 6

Ka ce masa bawa, ka ce masa Manzo,
Iyakar Ubangiji nan ne tsayawa.

Wannan baiti da hawayena na saye shi, bari in ba ku labari. A shekarar fari ta 1984, ina saurayi, gero ya ƙone a gona, dabbobi suna faɗuwa a bakin hanya, mutanen arewa suna ta gangarowa birni da ƙwaryarsu. Na tsara wata waƙa ta yabo ina neman tsari da ita. A cikinta na sa wani baiti da nake ganin shi ne kambin waƙar, na ce a cikinsa ruwan sama a hannun Manzo yake, in ya so ya saki, in ya so ya riƙe. Abokaina suka yaba, har wasu suka haddace. Na kai wa malamina ina jiran sa albarka. Ya sa na karanta, yana jin carbinsa. Da na zo wurin sai ya ɗaga hannu ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Ya ce, "Ɗana, wa ke saukar da ruwa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, Allah ne." Ya ce, "To, me ya sa ka ɗauke kayan Mai gida ka aza wa manzonSa? Kana tsammanin zai gode maka?" Ya karɓi takardar, ya tsoma alƙalami a tawada, ya ja layi a kan baitin a gaban almajirai. Na fita zaure ina kuka, rabi kunya rabi haushi.

Da la'asar ya aiko aka kira ni. Ya karanta mini hadisin Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu, wanda ke cikin Bukhari. Manzo ya shiga wurinta washegarin aurenta, ƴan mata suna buga bandiri suna ambaton iyayen da aka kashe a Badar. Sai ɗaya ta saka a cikin waƙar cewa a cikinsu akwai Annabin da ya san abin da zai faru gobe. Manzo ya ce ta bar wannan, ta koma ga abin da take faɗi da farko. Malam ya ce, "Ka duba da kyau. Bai ce a ajiye bandiri ba, bai ce a daina waƙa ba. Ɗango ɗaya ya cire." Sannan ya karanta mini hadisin Anas, na mutumin da ya shigo ranar Juma'a Manzo yana huɗuba, ya kai kukan fari da mutuwar dabbobi. Manzo ya ɗaga hannu ya roƙa, bai sauka daga mimbari ba sai da ruwa ya zubo, aka yi ta yi har wata Juma'ar. Ya ce, "Ga baitinka nan. Ka ce ya roƙa aka ba shi. Wannan ya fi naka girma, don gaskiya ne."

Tun daga ran nan nake auna kowane baiti da wannan mudu. Sayyidina Umaru ya ruwaito cewa Manzo ya hana a wuce iyaka wajen yabonsa kamar yadda Nasara suka yi wa Annabi Isa ɗan Maryamu, ya ce a kira shi bawan Allah kuma ManzonSa. Busiri da kansa ya kafa wannan shinge a cikin Burda kafin ya saki linzamin yabo. Kuma kada ka ɗauka kalmar "bawa" ragi ce. Da ita Allah Ya kira shi a farkon Suratul Isra'i, a daren da ya kai inda wani mahaluki bai kai ba. Halitta, da arzutawa, da rayawa, da kashewa, da gafarta zunubi, da sanin gaibu ba tare da an sanar ba, waɗannan na Allah ne. Abin da ke ƙasa da haka fili ne mai faɗi: haƙurinsa a Ɗa'ifa, da afuwarsa ranar buɗe Makka, da kyautarsa, da kunyarsa, da tsayuwar darensa har ƙafafu su kumbura, da cetonsa ranar Kiyama da izinin Ubangijinsa. Mawaƙa sun yi ƙarni goma sha huɗu suna ɗiba ba su ga ƙasansa ba.

Ina kuma roƙon matasan sha'irai, masu shiga ɗakin ɗaukar murya da kayan kiɗan zamani, su riƙa kai waƙa gaban malami kafin su sake ta. A zamaninmu baitin da ya karkace a zaure ɗaya yake tsayawa. Da kaset ya zo ya kan kai kasuwa. Yau kuwa kafin la'asar ya kai Yamai da Tamale da Garwa, kuma ba alƙalamin da zai iya jan layi a kansa. Maganar bandiri, wanda ƴan'uwanmu Ƙadirawa suke zikiri da shi, malamai sun yi saɓani, ba kuma ni zan raba musu ba. Amma kiɗan da ba a bambance shi da na gidan biki sai an kasa kunne ga kalmomi, zuciyata ba ta natsu da shi ba. Wanda kuma ya sa yabo ya zama ƙarar kiran wayarsa, ya tuna yana shiga bayan gida da ita.

BAITI NA 7

Idan kai yabo har dare ya yi nisa,
Sahun Subhi shi ne wurin jarrabawa.

Wannan ba ya bukatar dogon sharhi. Suratu Ali Imrana, aya ta 31, ta ɗaura son Allah a kan bin Manzo. Wanda ya raya dare da mustahabbi ya kashe farilla da barci, ya sayar da doki ya sayi linzami. Haka wanda yabo ya hana shi laziminsa na safe da maraice, ko wazifa, ko hizibinsa na Alƙur'ani. Na sha ƙirga mutanen daren Mauludi, na kuma ƙirga na asubarsa. Ba zan rubuta abin da na samu ba.

BAITI NA 8

Da Hausa da Larabci duk Shi Yana ji,
Ka san me kake faɗi kafin ɗagawa.

A nan yaronmu ya kama mu da hannu dumu-dumu. Ishiriniya, Abu Zaidin Alfazazi mutumin Andalus ne ya tsara ta, ya rasu a shekara ta 627 ta Hijira. Ƙasida 29 ce bisa adadin haruffa, kowace baiti 20, shi ya sa ake kiranta haka, jimla baiti 580. Ibnu Muhibbu ya yi mata tahamisi, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti suka zama biyar biyar, ɗango 2,900 ke nan, kuma da wannan siffa ce muka gaje ta. Larabcinta mai tsauri ne, har wanda ya yi nisa a lugga sai ya tsaya ya duba. Magabatanmu sun san haka, ba su kuma bar ta a rufe ba. Muhammadu Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi mai suna Nafhatul Ambariyya, daga baya Shehu Gibrima na Nguru ya taƙaita shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau a 1754, yana ɗan shekara 20 ya tsara Daliyyarsa ta begen ziyarar Madina da Larabci, Allah kuwa bai nufe shi da zuwa ba har ya rasu a 1817. Amma da ya juya ga makiyaya da mata da talakawa, da Fillanci ya yi musu waƙa, ƴaƴansa suka mayar da Hausa. Ƴarsa Nana Asma'u ta ba jajis waƙoƙi suna kai wa matan ƙauye. Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975, ya bar mana diwanai na yabo, kuma shi malamin tafsiri ne da fiƙihu kafin komai. Ba ɗaya daga cikinsu da ya raba yabo da sani.

Ban ce wanda bai san Larabci ba ya yi shiru. Niyyarsa yabo ce, Allah kuwa Ya san abin da ke cikin ƙiraza. Amma ladan mai fahimta daban ne, hawayensa ma daban ne. Kuma jahilci shi ke sa a karya kalma ma'ana ta juye, ko a ji baiti mai majazi a ɗauke shi bisa zahirinsa. Saboda haka na shawarci wana, muka canja tsarin gidanmu. Yanzu kafin a ja kowane harafi, sai a fassara baitocinsa ɗaya bayan ɗaya, mata suna ji daga cikin gida. Karatun ya ragu, ba mu sauke ba a dare goma sha biyun, wasu tsofaffi ma sun yi gunaguni. Shi kuwa yaron, a dare na bakwai na hange shi a bakin zaure yana sauraron fassara. Da aka fara ja ya tashi ya shiga. Har yau haka yake yi, ba ya amshi, kuma ya gaya mini akwai baitocin da bai gamsu da tawilinsu ba. Na ce ya kawo su mu duba. Amma ya komo sahun ubansa, kuma wannan ne abin da ya fi hana ni barci.

BAITI NA 9

Ilahi Ka sa ran da harshe ya kasa,
Shahada ta sauka a bakin cikawa.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya ja Ishiriniya a ƙofar gidan nan fiye da shekara arba'in. A ciwonsa na ajali magana ta ɗauke masa kwana uku, ba ya gane ƴaƴansa, ana kiran sunansa ba ya waiwaye. A daren na ukun wana ya zauna kusa da kansa, ya ɗauko harafin da tsohon ya fi so, yana ja a hankali. Da ya kai ƙarshen ɗango na huɗu sai muka ga leɓen tsoho yana motsi, yana cika na biyar, ba murya. Suka yi baiti uku haka. Sannan wana ya bar Ishiriniya ya koma laƙƙana masa kalmar shahada, don ita ce sunna a wannan wuri, ba waƙa ba. Ya karɓa sau biyu muna ji. Kafin kiran assalatu ya cika.

Wanda yake da gyara a kan waɗannan baitoci ko sharhinsu, ya same ni a zawiya bayan zikirin Juma'a, ko ya aiko a rubuce ta hannun muƙaddaminsa, za a sa a bugu na gaba in Allah Ya kai mu. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya yi wa malamina da mahaifina Fatiha.

Wa sallallahu ala sayyidina Muhammadin wa alihi wa sahbihi wa sallama. Tammat bi hamdillahi.